Shekarar da Ba a Yashe Rijiya Ba

Rijiya ɗaya ce a Garin Ƙadri, can arewa da Mayahi a ƙasar Isawan. Zurfinta gaba arba'in, kuma mutum ɗaya ne ke shigarta, wato Ɗan Azumi, mijin Zalika. Kakansa ne ya gina ta, ubansa ya sa mata zobban siminti, shi kuma ya gaji yasarta. Kowace shekara, in bazara ta yi nisa ruwa ya ja baya, sai Maigari Sanda ya kira gayya. Majiya ƙarfi goma sha biyu su riƙe igiya, a zura Ɗan Azumi ya kwashe yashin da ya taru, in ya gama a jawo shi. Doka ɗaya yake da ita, kowa kuma ya san ta: muddin yana ciki ba a ɗaura wa dabba igiya. Ya ce mutum in an ce masa tsaya yakan tsaya, sa kuwa abin da ya saba shi yake yi.

Zalika ta shekara talatin da ɗaya tana tsayuwa a bakin rijiyar nan ranar yasa, ba ta taɓa sabawa ba. Ko fura ba ta iya haɗiyewa sai ta ga hularsa ta ɓullo. Shi ya sa, da 'yan purje, masu aikin taimako na Turawa, suka zo da motocinsu farare suka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a gabas da gari, suka kafa shato, babban tankin ruwa mai ƙafa huɗu, ba wanda ya kai ta murna. Wanda ke kula da aikin wani ɗan Mayahi ne, Abdul Razak, mutumin kirki, sai dai in ya yi jimla uku biyu Faransanci ne. Ya ce famfo da faranta masu jan wuta daga rana suna cikin jirgin ruwa, da kaka za su iso. Abin da ya rage wa mutanen gari shi ne su haƙa ramin tiyo daga shato zuwa tsakiyar gari, kuma lalle a gama kafin ruwan farko ya sauka.

Nan fa aiki biyu suka ci karo, don lokacin ramin tiyo shi ne lokacin yasa, hannuwan kuma su ne dai hannuwan. Maigari ya tara mutane a gindin gawo, ya dubi Ɗan Azumi.

"Kai ka san cikin rijiyar nan. Ta iya haƙuri bana?"

"Ranka shi daɗe, shekara guda ba ta kashe ta."

Da ya dawo gida Zalika ta ajiye masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan. "Maigida, ba kai ka ce mini zoben ƙasa ya karkace ba? Ka ce yashi na shiga ta tsaga."

"Ya karkace," in ji shi. "To, wata nawa ne? Da kaka ruwa na zuwa har ƙohwar gidanki. Ni ma na gaji da rataya kamar guga, Zalika. Gwiwoyin nan sun daina yi mini biyayya."

In za a faɗi gaskiya, amsar da take so ke nan.

An haƙa rami, an shimfiɗa tiyo, an rufe. Ruwa ya sauka, gero ya fito. Ana tsakiyar noma na biyu rediyo ya ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai.

Rabilu, babban ɗansu, har Mayahi ya hau babur ya je zanga-zangar goyon baya, ya dawo muryarsa a dishe. Ya tsaya tsakar gida yana yi wa uwarsa bayani: ƙarfen da ake tonowa a Arlit shekara hamsin yana haska biranen Turawa, mu muna kunna acibalbal, ga man fetur, ga zinariya, yanzu kam arzikin ƙasa zai dawo hannun masu shi. Zalika na tankaɗe tana saurare. Ba ta ce ƙarya yake yi ba, don ba ƙarya ba ce. Amma wannan shi ne juyin mulki na huɗu da ta gani da wayonta, kuma kowane ya zo da labarin arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ita abin da ta taɓa gani ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya shigo gidanta ruwa ne da gujiya.

"To, Allah shi sa," ta ce. "Miƙo mini faifan can."

Ba a yi mako ba maƙwabta suka rufe iyaka. Najeriya ta yanke wuta, Tasawa da Mayahi suka koma duhu. Shinkafa ta tashi, sabulu ya tashi, maganin zazzaɓi ya yi wuya. Da kaka ta zo aka yi wake sosai, amma fataken da suka saba zuwa daga Jibiya da Mai'aduwa ba su zo kamar da ba, 'yan kaɗan da suka biyo ta daji kuma suka taya abin da suka ga dama. Famfo kuwa yana can tashar jirgin ruwa a bakin teku, bayan wata gada da aka gitta wa kwantena. Turawan da ke biyan aikin suka ce sun dakatar da taimako sai an koma mulkin farar hula. Kowa dai ya nuna fushinsa, masu kaki da masu kwat da maƙwabta, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ya rasa ruwan wanka.

Abdul Razak ya zo sau ɗaya, a kan kabu-kabu, ba farar mota. Ya rame. Ya sa wa ɗakin injin kwaɗo, ya miƙa wa Maigari makulli.

"Baba, purje an sispande shi. Ni kaina an sallame ni. Amma dosiye na nan, takardun duka, in abubuwa sun daidaita..."

"Yaushe ke nan, ɗana?"

Ya dubi shato, ya dubi takalminsa, ya ce Allah ne masani.

Shaton na nan tsaye, tattabaru sun samu gida. Daga baya aka ji a rediyo cewa bututun mai da ya ratsa jihar ya kai har teku, tafiyar kilomita kusan dubu biyu. Fatiha, maƙwabciyar Zalika, ta ce ashe dai ana iya sa abu ya bi tiyo, nasu ne mai taku ɗari shida ya gagara. Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Sai maza suka fara tafiya. Da ma ana zuwa cin rani, amma a da akan bar rabi a gida, kuma ana dawowa kafin yasa. Bana kowa ya tafi, wasu Jado wurin zinariya, wasu Aljeriya, wasu Libiya. Rabilu mai dishewar murya yana cikin motar farko. Bai yi maganar arzikin ƙasa ba ranar da zai tafi. Ya durƙusa ya ce a sa masa albarka, uwarsa ta ƙulla masa garin rogo a leda.

Jan ruwa ya koma hannun mata. Zalika ce ke jan san Maigari, wani jan takarkari mai sanyin hali. Akan maƙala hancin igiya a wata ƙugiyar ice da ke jikin ɗamararsa, ya miƙe ya yi ta tafiya har wasaki, babban gugan fata, ya iso baki. Daidai nan sai ya juya da kansa, hancin igiyar ya zame daga ƙugiya, masu bakin rijiya su tare wasakin, shi kuma ya dawo a sake maƙala masa. Ba ya bukatar a ce masa komai. Zalika ta lura wurin juyawarsa yana matsowa kusa wata bayan wata, ta kuma san abin da hakan ke nufi: yashi ne ke cika rijiyar daga ƙasa.

Da bazara ta kama, irin zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, wasaki ya koma fitowa da rabin taɓo. Mata suna kwana biyu kafin layi ya zo kansu. Awaki suka fara faɗuwa. Rijiya mafi kusa tana Gidan Ɗan Malam, tafiyar sa'a biyu a amalanke, su ma can sun fara ɗaure fuska.

Ɗan Azumi ya daina cin abinci sosai. Yakan je ya leƙa rijiyar ya daɗe, ya dawo ya zauna. Ba wanda ya taɓa ce masa kai ka ce ta iya haƙuri, amma ya san kowa na tune da maganar. Wata safiya Zalika ta fito ta tarar ya baje igiyar yasa a tsakar gida yana bin ta taki-taki da yatsa.

"Wa za shi riƙe ta?" ta tambaya.

"Akwai mutane."

"Waɗanne? Sanda da ba shi iya ɗaga buta? Ko Abdussalamu mai tari? Maigida, ka bari samari su komo."

"Su komo su iske mi? In zoben nan ya kwanta, rijiya ta mutu, gari ya tashi. Kabarin ubana na nan, na ubanki na nan."

"Kai kaɗai ka sha ruwanta?"

"Ni kaɗai anka tambaya," ya ce, bai ɗago ba.

Ta ji haushinsa ƙwarai, ta ji tsoro fiye da haushin. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta dama masa fura da ɗan geron da ya rage.

Gayyar bana abin tausayi ce: tsofaffi bakwai da mata wajen ashirin. Zurawa ba wuya, an naɗa igiya a gungume ana saki a hankali. Mata suka jeru a igiya ta biyu suna fito da gugan yashi. Da la'asar kowa da kowa ya taru a babbar igiya, aka jawo shi da ƙyar, ana hutawa sau uku a hanya, shi yana rataye a tsakiyar duhu yana jira. Haka aka yi ran farko, da ta biyu, da ta uku. Tafin hannun mata ya sale, suka naɗe da tsumma. Tulin yashi a bakin rijiya ya kai ƙirjin mutum. Ya ce ya ƙara zurfin gaba biyu, ya tokare zoben da itace, gobe in Allah ya so idon ruwa zai buɗe.

Rana ta huɗu, hantsi ya ɗaga, yana ciki, wani mai babur ya tsaya ya ce an kawo hatsi mai rahusa a Isawan, mota guda ce, wanda ya riga shi ya samu. Ba wadda ta ce za ta tafi. Wannan ta ce bari ta duba yaro, waccan ta ce bari ta kewaya. Zalika na kallonsu suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba ta iya zaginsu ba, don ta san abin da ke cikin rumbunansu, daidai yake da abin da ke cikin nata. Kafin azahar saura tsofaffi biyar da mata huɗu.

Ta kwanta rub da ciki a bakin rijiya ta ƙwala kira. "Maigida, mutane sun watse. Ka hito tun muna iyawa."

Muryarsa ta taso a hankali, kamar daga cikin tulu. "Yashi ya yi sanyi, Zalika. Guga biyar ya rage. In na bari ya kwana, ya sake rufewa."

"Ka hito, don Allah."

"Guga biyar."

A guga na uku idon ya buɗe. Sun ji ƙarar tun daga sama, wani gurgur mai daɗin ji, har Abdussalamu ya fara hamdala. Sai igiya ta girgiza sau uku, alamar a jawo, ta sake girgiza sau uku da sauri. Ruwan da aka danne shekara biyu ya taso da ƙarfinsa. Ɗan Azumi ya ce ya kai masa gwiwa. Kafin su gama jeruwa ya ce ya kai ƙugu.

Su tara suka kama. Suka ja, ya taso gaba ɗaya, ya tsaya. Suka sake ja, tari ya sarƙe Abdussalamu ya saki, igiya ta koma da abin da suka samu. Tsumman hannun Fatiha ya jiƙe da jini. Daga ƙasa muryar ta ce ƙirji.

Maigari ya dubi san da ke ɗaure a inuwar aduwa, ya dubi Zalika. Ba wanda ya ambaci dokar, kowa ya san ta.

"Ɗiyata," ya ce, "mijinki ne. Ke za ki ce."

Ta ruga ta kwanto san. Ta maƙala hancin igiya a ƙugiya, yadda ta maƙala shi sau dubu, yadda hannunta ya saba. Ba ta ƙulla ba. Ba wanda ya ce ta ƙulla, duk idanu suna cikin rijiya. Ta kama akala ta ce, "Mu je."

San ya sunkuyar da kai ya ja, igiya ta miƙe ta yi ƙara a kan gungume. Ya tafi sumul, ba gardama. Daga bayanta tana jin Maigari na cewa yana tahowa, ya rabu da ruwa, yana tahowa. Gaba goma, gaba ashirin. Zuciyarta ta fara sauka. Har ta fara tsara faɗan da za ta yi masa in ya fito, da ruwan zafin da za ta gasa masa gwiwa. Fatiha ta ɗaga murya ta ce ga hularsa, suna ganin hularsa.

Sai suka iso inda ƙasa ta daddaɓe da kofato, wurin da san ya yi wata da watanni yana juyawa. A lissafinsa aiki ya ƙare, wasaki ya iso baki. Shi bai san an ƙara wa rijiya gaba biyu ba. Zalika ta sani, ita ta kwashe yashin da hannunta kwana huɗu, amma sai da ta ji akala ta karkata a hannunta sannan abin ya faɗo mata. Ta rungumi wuyansa, ta tura da kafaɗa, ta ce a'a, gaba, gaba. Mace mai shekara hamsin da ta karya da ruwan kanwa ba ta tare takarkari. Ya juya a hankali, cikin natsuwa, kamar kullum. Hancin igiyar ya zame.

Ta ga igiyar na gudu a kan rairayi tana komawa. Ta bi ta, ta faɗi, ta tashi. Tsofaffin sun cafka, ta ƙone musu hannu ta wuce. Zalika ba ta ji ihu ba. Abin da ta ji shi ne shiru, sannan ƙarar ruwa daga nesa ƙwarai. San ya biyo ta a baya, ya zo ya tsaya a bakin rijiya inda ya saba, yana jiran a sake maƙala masa.

Sai da aka aika Gidan Ɗan Malam aka samo maza shida da mai iya shiga. Kafin magariba aka fito da shi, aka yi masa sutura. Waɗanda suka je Isawan suka dawo a lokacin, yawancinsu hannu wofi, don hatsin ya ƙare tun kafin su isa. Suka tsaya a ƙofar gida ba mai iya kallon wani. Liman ya ce a kwashe ruwan rijiyar har sai an tabbata ya sake, sannan a sha. Kwana biyu ana ja ana zubarwa awaki na bi suna lasa, ruwan bai ko ja baya ba. Tsofaffi suka ce rabon da rijiyar ta yi ruwa haka tun zamanin uban marigayi.

Masu gaisuwa suka yi ta zuwa. Kowa ya ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, kuma ya mutu shahidi. Zalika ta amsa da amin. A cikin ranta kuwa tana bin abin baya-baya, daga ƙugiya zuwa motar hatsi, zuwa samarin da suka tafi, zuwa iyaka, zuwa mutanen da ba ta taɓa gani ba, waɗanda ba za su taɓa jin sunan Ɗan Azumi ba. Ko ta ina ta bi sai ta dawo kan hannunta, don shi kaɗai ne a kusa.

Tana cikin takaba, ba ta fita. Fatiha ce ke kawo mata ruwa daga rijiyar. Ran farko ta ajiye tulun a bakin ƙofa, Zalika ta ce ta ɗauke. Ta ci gaba da kurɓar ɗan guntun da ya rage a jarkar da aka ɗebo daga Gidan Ɗan Malam, mai ɗumi, mai warin roba, har ya ƙare. Fatiha ta sake kawowa, ta ajiye ta rufe da faifai.

Rana ta take, ɗakin ya zama tanda. Leɓunanta suka tsage, harshenta ya manne. Ta yi azahar da taimama alhali ga ruwa a gabanta, ta san kuma bai halatta ba. Ta zauna tana kallon tulun, gefensa ya yi raɓa, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta jiƙe. Wajen la'asar ta ja jiki ta ɗage faifan, ta ɗebo a moɗa.

Ta so a ce yana da ɗaci, ko wari, ko wani abu da zai sa ta tofar. Ruwan garau yake, mai sanyi, mai daɗi, ba ta taɓa shan irinsa a garin nan ba. Ta shanye, hawaye na zuba cikin moɗar, ta sake ɗebowa.